Bitamin ɗin Ladidi

Sharada, Litinin

Ƙawata Badi'a,

Sallama da gaisuwa, ya jiki, ya jaririyarmu? Tunda wayarki ta mutu, ga takarda ta hannun Malam Idrisu mai keke, haɗe da kwalbar bitamin ta biyu. Raguwa kawai, kin bar ni ni kaɗai a kan injin biskit!

Kin ce in nuna wa mai kemis ko zai yi daidai da maganin tsinka jinin da kike sha saboda gudan jinin ƙafarki, da wancan ɗayan na damuwa da ni kaɗai na sani. Na nuna, ya ce ba komai. Man kifi ne da ganyayyaki, ki sha abinki hankali kwance.

Taki,
Ladidi

Asibiti, Asabar

Ladidi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni dai daga gadon asibiti nake rubuto miki.

Shekaranjiya haɓo ya ɓalle mini ya ƙi tsayawa, dasashina ma jini, cinyata duk tabo kamar an dake ni. Sai da aka ƙara mini jini. Likita ta juya kwalbarki ta karanta, ta ce man kifi da bitamin E da wani ganye da ke ciki duk suna ƙara tsinka jini, kuma maganin damuwar ma yana da nasa. Ta ce mai shan irin magungunana ko bitamin ba ya ƙarawa sai likitansa ya gani.

Maigidana ya je kemis ɗin. Mutumin ya rantse bai taɓa ganin kwalbar ba. Ladidi, wa kika nuna wa? Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ina jiran in ji daga bakinki.

Badi'a

Sharada, Talata

Haba ƙawata,

Sannu, wallahi da na karanta sai da na yi kuka. Allah ya ba ki lafiya. Gaskiya ban samu zuwa kemis ba, layi ya yi yawa ranar. Amma na tambayi Hajiya Sa'adiya da ke ba mu bitamin ɗin a Bompai muna sayarwa, ta ce nasu ba ya faɗa da kowane magani. Ni ina na sani?

Kuma ai ya yi miki amfani! Matan wurin aiki da na ba labarin yadda kike kulle kanki a ɗaki kina kuka bayan haihuwa, har kina shan ƙwayar asibitin ƙwaƙwalwa, kuma yanzu kin ware, rububin saye suka yi. Har matar sufabaiza ta karɓa. Don alheri na faɗa, kada ki ɗauke shi da zafi.

Ki yafe ni. Zan zo Juma'a da tuwo.

Taki har kullum,
Ladidi

Challawa, Alhamis

Ladidi,

Assalamu alaikum. An sallame ni, jinin ya tsaya, kuma na yafe miki shi.

Yau na je kamfani in faɗi ranar da zan dawo. Matan da muka shekara muna cin abinci kwano ɗaya suka dinga matsawa gefe. Sufabaiza ya ce ba zai ɗora mai taɓin hankali a kan inji ba, in nemi wani wuri.

Zancen damuwar nan, mahaifiyata ma ban gaya mata ba, Ladidi. Ke na gaya wa.

Kada ki zo Juma'a. Ki huta lafiya.

Badi'a