Tsakanin Alƙalami da Tafinta

Litinin, 3 ga Maris

Taro na uku a kan magana ɗaya, shayi ya huce ba a kai gaɓa ba. Manhajar ma'ajiyar jini muke sake ginawa: wa ya bayar, wane rukuni, jaka nawa ta rage a firji. Abin da ya tsayar da mu shi ne zaɓen laburare, wato ƙaramar manhajar da za ta haɗa tamu da rumbun bayanai. Biyu ne a gabanmu. Na farko na raɗa masa suna Alƙalami, domin da hannunka kake rubuta kowace tambaya zuwa ga rumbu, kalma bayan kalma, kamar mai tsara baiti. Na biyu Tafinta: ka faɗa masa buƙatarka a taƙaice, ya je ya yi magana da rumbu a madadinka, da lafazin da ya ga dama. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da Alƙalami. Injiniya, abokiyar aikina, Tafinta take so. Manaja ya ce a gwada su, wanda ya fi sauri shi ne namu. Ni aka ɗora wa shirya gwajin.

Laraba, 5 ga Maris

Likitan ido ya ce yanar idona ta kai a cire ta. Aiki ranar ashirin ga wata, sannan mako shida ban da kallon kwamfuta. Ban faɗa a ofis ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Zan rubuta, tunda takarda ba ta da bakin tsegumi. Na shirya rumbu biyu don gwajin. Na sa wa na Alƙalami fihirisa, na hana na Tafinta. Rumbun da ba shi da fihirisa kuwa sai ya buɗe kowane shafi kafin ya samo suna guda. Alƙalami ya amsa cikin rabin daƙiƙa, Tafinta ya yi tara yana lalube. Manaja ya ce magana ta ƙare. Injiniya ta ce, "Har tara, Kawu?"

A hanyar gida na tsara wannan:

Na tsufa da tawada bisa yatsuna,
Yaya zan ari bakin wani don magana?

Baitin bai sanyaya mini rai ba. Gajiya kawai.

Asabar, 8 ga Maris

Maiɗakina ce ta karanta mini rubutun kwalbar magani. Ta ce, "Mai waƙa, yau ga ka ɗalibi."

Talata, 11 ga Maris

Rana mai nauyi. Ina asibitin ido, an ɗiga mini maganin da ke mayar da duniya ruwa-ruwa, sai ga wayar Injiniya. Ana neman jini mai wuyar samu don wata mai haihuwa, tsohuwar manhajarmu kuma tana nuna jakunkunan da wa'adinsu ya wuce tare da masu kyau. Ta buɗe tambayar da na rubuta shekarun baya. Layi tamanin, da bayanan da na jera a gefe cikin waƙa, ina alfahari da su a lokacin.

"Kawu, baitocin sun yi daɗi," in ji ta, "amma a wane layi ake cire jinin da ya lalace?"

Na san amsar tana can. Ba na iya ganinta, ba na iya tuna ta. Sai da ma'aikaciyar jinya ta shiga firji ta duba jakunkunan ɗaya bayan ɗaya da hannu. An samu, matar ta tsira, alhamdu lillahi. Amma sai da aka ci awa biyu. Na gina fada mai ƙofa ɗaya, na rataye mabuɗin a idon da ke dushewa.

Laraba, 12 ga Maris

Injiniya ta ajiye mini shayi, ta ja kujera. "Tun ranar Alhamis na ga babu fihirisar."

Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa wa Manaja.

"Wata biyu ke nan kana kai hanci har jikin kwamfuta, Kawu. Na ce gara ka faɗa da bakinka, duka biyun: fihirisar da idon."

Na ɗauki shayin na kurɓa.

Litinin, 17 ga Maris

Na sa fihirisar, na sake gwajin a gaban kowa. Tafinta ya amsa cikin rabin daƙiƙa da ɗan ɗoriya. Na ce wa Manaja gwajin farko sakacina ne. Injiniya ta ɗago kai, sai na gyara, na ce gangancina ne. Na faɗi maganar idon ma. Ganin tazarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma kowa na iya karanta abin da aka rubuta da shi, aka ɗauki Tafinta.

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Har gobe lafazinsa ba shi da gishiri. Sai dai kafin a tashi na roƙi Injiniya ta ƙara girman haruffan, ta nuna mini yadda ake ce masa ya kawo jinin da wa'adinsa bai wuce ba. Layi ɗaya ne. Babu kari, babu amsa-amo. Na karanta shi sau biyu, kuma ban ƙi shi ba kamar yadda na yi niyya.