Ban Juya Tayar Ba

Bridgnorth,
8 ga Satumba.

Zuwa ga Yaya Gwenda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Alun da yara. Yaya gwiwar taki, ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau, ni ce dai abinci ba ya shiga mini.

Na san kin ji Baba ya daina tsere. Abin da ba ki ji ba shi ne ni na jawo.

Tun da ya miƙa mini garejin a watan Afrilu ni ke kula da jar motarsa, wadda ya shekara talatin da ɗaya yana gasar hawan tudu ta kulob ɗin masu tseren mota da ita. Ana saura sati biyu gasar bana, aksul ɗinta na baya, ƙarfen da ke juya tayoyi, ya fara kuka. Na samo wani wajen masu tsofaffin kaya. A jikin tukunyarsa an buga 4.55, wato farfela, sandar da ke kawo juyi daga inji, za ta juya sau huɗu da rabi kafin taya ta juya sau ɗaya. Irinsa ake so a tudu, don mota ta zabura da ta fito daga kwana.

Ke da ba ki taɓa riƙe sifana ba ma kin haddace karatun Baba: kada a yarda da lambar jikin ƙarfe, don a shekara arba'in wani na iya canza haƙoran ciki. A ɗaga taya ɗaya da jak, a yi alama da alli, a juya ta sau biyu, don idan ɗayar na ƙasa biyun a matsayin ɗaya suke, a ƙirga juyin farfela. Aikin minti biyar. Yaya, ban yi ba. Motoci uku na jirana, kuma kaina ya ɗan kumbura, ai yanzu ni ce mai gareji. Na ɗaura, na zagaya harabar da ita, na ji kukan ya tafi, na ce shi ke nan.

Ranar gasa sau uku ya hau, duk ukun motar na fita daga kwana kamar mai ciwon baya. Sakan shida ya ƙaru a kan lokacinsa. Desmond Yapp, abokin hamayyarsa tun suna samari, ya tare shi a gaban jama'a yana cewa, "Kai Clifford, shayi ka tsaya sha a kwana ta biyu? Ai da ka yi magana na turo ka!"

Baba ya cire hular kwano yana dariya, ya ce, "Rabu da ni, Desmond, tsufa ne. Ƙafar ta daina jin magana. Mota dai ƙalau take, 'yata ce ta haɗa ta."

Washegari na ɗauki alli na shiga ƙarƙashin motar. 3.7 na ƙirga, Yaya, ba 4.55 ba. Giyar doguwar hanya na ɗaura wa tsoho na tura shi tudu.

Yau kwana tara. Baba ya sa motar a kasuwa. Kullum ya leƙo gareji sai in buɗe baki zan faɗa, sai in ji ina yi masa zancen ruwan sama. Kunya nake ji, da tsoro, don rabin masu kawo mana aiki 'yan kulob ne. Ki gaya mini yadda zan yi, amma don Allah kada ki buga masa waya.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Hilary


Bridgnorth,
20 ga Satumba.

Yaya Gwenda,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, wasiƙarki ta iso. Faɗan da kika yi mini na karɓa, na cancanci fiye da haka.

Na bi maganarki, amma sai da na ƙara ɓata kwana huɗu. Ranar Asabar da safe na je gidansa, na tarar ana ɗaure motar a kan tirela. Wata mata ce daga Scotland ta saya. Na tsaya kamar gunki har suka fita daga layin, sannan na faɗa masa komai a bakin ƙofa, ina kuka.

Ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi, "Share hancinki, Hilary. Tun kwanar farko na sani. Shekara hamsin ina sauraron inji, sai in kasa gane giyar hanya?"

Na ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "A gaban Desmond? Mutumin da bakinsa ba ya da birki? Tsoho ya yi sanyi, wa ya damu? Amma a ce 'yar Clifford ba ta san aksul ba, wa zai sake kawo miki mota?"

Na roƙe shi ya kira matar ta dawo, in canza aksul ɗin, ya hau baɗi. Ya girgiza kai. Wai in ya dawo baɗi ya zubar da sakan shidan nan, Desmond ba wawa ba ne, zai tambaya me aka canza. Ashe masu saye uku ya kora don 'yan kulob ne, kada asiri ya tonu. Ita matar yawon doguwar hanya take so, ya gaya mata giyar da ke ciki, ta ce ita take nema.

Da zagina ya yi, Yaya, da na fi samun sauƙi. Ƙafarsa lafiya lau take, na sani, shi ma ya sani, kuma ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Ke ma ki riƙe.

Kulob sun shirya masa liyafar ban kwana ranar 3 ga Oktoba. Ni suka zaɓa in tashi in yi jawabi, in yaba masa da ya san lokacin da ya kamata ya ajiye sitiyari. Shi kuma zai zauna a gaba yana kallona. Don Allah ki zo, ko da sanda ne. Ba zan iya tsayuwar nan ni kaɗai ba.

Ki gaishe mini da Alun, ki shafa kan yara.

Taki,
Hilary