Injin Mai Unguwa Ya Faɗa Kogi

Laraba da daddare, wani ƙauye a duwatsun Doguwa

Gaisuwa ga manya da yara, masu mota da 'yan ƙafa, har munafikin da ya buɗe littafin nan. Ban da Ɗanlami, shegen da ya ce min baƙo kyauta yake kwana a zauren mai unguwar garin nan.

A saman buhunan masara na zo, don kar in biya mota. Da aka kawo tuwo baki ya buɗe, na ce ni ɗan masuntan Tiga ne, a ƙarƙashin ruwa nake barcin rana. Mai unguwa ya ajiye loma.

"Alhamdulillahi! Ɗana, injin ban-ruwanmu ya faɗa kogi. Da asuba kai za ka nutsa ka ɗaura masa igiya."

Ni da ko kududdufi ban taɓa shiga ba! Na ce, "Baba, mura nake."

Ya ce, "Ruwanmu magani ne."

Mugaye! Wai karamci, sun kwashe wandona da takalmina za a wanke. Daga ni sai gajeren wando, ga kogin yana ta ruri.

Kai mai karatu, don Allah aiko min da wando da ɗan acaɓa kafin kiran assalatu.