Fitilar Birki da Rediyon Ba-Jira

Litinin

Aikin farko yau: wanke bututun gilashi, a shanya.

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonki ya iso ta bakin maman yara, kuma ba ta rage komai ba, har hararar ta kawo. Na ji maigidanki yana son ɗakin baya na gidan Baba ya zuba kwalaye, ni kuma in koma mai tsaron sito a wajensa. Na gode da kulawa. Amma ba zan kwashe kayana ba.

Kin ce tun da shagon allunan tallan da nake aiki ya rufe nake wasa da gilashi kamar yaro. Fitilar birki nake ƙerawa, Yaya. Bututu ne siriri kamar fensir. Ina lanƙwasa shi a kan wuta, in zuƙe iskar cikinsa da famfo, in ɗura masa iskar neyon mai ba da jan haske, in liƙe. Tsohon ƙwan mota sai zarensa ya yi zafi kafin ya haska. Tawa kuwa, ƙafa na taɓa birki ta kama, kuma ja ce da kanta, ba sai an rufa mata jan murfi ba.

Ciwonta ɗaya. A kowane baki na bututun akwai ɗan ƙarfe da wuta ke shiga ta nan. Yana cinyewa a hankali, ƙurarsa ta baƙanta gilashi, ta haɗiye iskar. Na farko duk haka suka mutu, don na yi ta ƙara musu wuta saboda kwaɗayin haske. Yanzu na mai da ƙarfen kamar ɗan ƙoƙo, na ƙara iska, na rage wuta, ina ba ta a gutsure da saurin da ido ba ya kamawa. Batir ma ya samu sauƙi.

Na san akwai ƙananan fitilun zamani a kasuwa. Kowa ya tuna min, har mai yi min aski. Wataƙila su ke da gaskiya. Amma wannan hannuna ya iya.

Ga sharaɗina. Ba-Jira, direban motar burodi, ya yarda na ɗaura masa ɗaya a saman ƙofar baya, ƙari a kan nasa. Ba shagon da ba ya tsayawa, ba wanda ya kai shi taka birki. In ta mutu kafin ƙarshen wata, da hannuna zan miƙa mabuɗi. In ba ta mutu ba, kada a sake aiko min da zancen kwali.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis, tsakiyar wata

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan man shafawar da na aiko ya yi wa ƙafar amfani.

Gara ki ji daga bakina. Shekaranjiya da safe ina bakin titi motar burodi ta wuce, ta rage gudu a kwana, fitiluna biyu na ƙasa suka kama, tawa ko ƙyas. Sai da na jingina da sandar lantarki.

Da yamma da ya dawo na kwance ta na gwada a kan tebur. Ta kama, ja wur, babu ɗigon baƙi a bakunan. Na mayar, na sa ya taka, ta kama. Jiya da safe kuma a mace. Na tambayi Ba-Jira, ya sosa ƙeya ya ce shi fa burodi ya sani. Na zargi girgizar hanya, na yanka tsohon tub ɗin taya na yi mata matashi. Na zargi sanyin safiya. Na zargi liƙin da na yi, na zargi kaina. A littafin da nake rubuta aikin kowace rana na rubuta cewa mai yiwuwa mutumin da ya tsaya a sakandare bai kamata ya ɗauko wannan ba. Ban goge ba.

Duk da haka, abin da maigidanki ya yi bai dace ba. Ya turo ma'aikatansa da tef ɗin awo su auna ɗakin, ina ciki, wuta na ci. Na ba su ruwa, na raka su ƙofa. Ki faɗa masa cikin ladabi wata bai ƙare ba. Ni Auta ne a wajenki, amma furfura ta fito min.

Maman yara tana gaishe ki. Ta ce ita ba ta nan ba ta can, sai dai ita ta ɗinka min sabon abin rufe famfo.

Ƙaninki,
Auta

Lahadi, ƙarshen wata

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah Ya sa wasiƙar nan ta same ki kina tafiya ba sanda.

Jiya na bi motar da kaina. Ba-Jira ya so ya hana ni, ya ce gaba a cike take da tiren burodi, na ce zan riƙe su a cinya. Muna fita layi na ga yana ta mutsu-mutsu. Can dai ya gaji, ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya zare wayar fitilata, sannan ya kunna rediyo.

Ashe duk lokacin da ya taka birki, akwatin da ke ƙara wa fitilar wuta sai ya sa rediyonsa ya yi ƙara kamar ana suya. Shi kuwa akwai shirin gaisuwa da yake aika wa matarsa saƙo. Ranar da aka zo karanta nasa, matar na zaune kusa da shi a mota, wani mai keke ya gitta, ya taka birki, fitilata ta cinye sunan matar. Ta ce wata ya gaisar. Tun ranar yake zarewa da safe, ya mayar da yamma kafin ya iso wurina, wai don kada raina ya ɓaci. Na kira shi maƙaryacin banza, ya kira ni mai raba aure, muka yi dariya har burodi ya zube.

Laifin ba nasa kaɗai ba ne. Rediyon ɗakina ya daɗe da lalacewa, shi ya sa ban taɓa jin ƙarar ba. Yau na naɗe akwatin da ragar ƙarfe, na ɗaure ta da jikin mota, na gajarta wayar wuta. Muka kunna rediyo, ya yi ta taka birki, muryar mai labarai na fita kusan tas. Akwai sauran ɗan shuu.

Yanzu ga gaskiya, tunda ba na son cin nasarar da ban ci ba. Fitilar ba ta nuna tsawon ranta ba, don rabin watan a kashe ta yi shi. Za ta iya baƙancewa gobe. Amma alkawarina shi ne in ta mutu, kuma ba ta mutu ba. Mabuɗi yana aljihuna. Gwaji ya koma farko, Ba-Jira ya rantse ba zai sake taɓa waya ba, abokinsa mai motar ruwa ma ya ce a ɗaura masa. In maigidanki yana da magana, ya zo da kansa, ƙofata a buɗe take ga baƙo, ba ga kwali ba.

Ki yi min addu'a ko da kina fushi.

Ƙaninki,
Auta

Abin da ya rage na gobe:
Neman inda sauran shuu ɗin ke fita.
Kai rediyon ɗaki gyara.
Zuwa da maman yara a ba matar Ba-Jira haƙuri.
Auna bayan motar ruwa da tef ɗin da mutanen maigidanki suka manta.
Mayar masa da tef ɗinsa.