Abin da Ya Rage a Mimorinka, Sagiru

Zuwa ga ƙanena Sagiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, a wuri mai yalwa da sanyi. Na san ba a kai takarda inda kake. Na rubuta ta ne a nan inda jama'a za su karanta, domin akwai maganar da ta yi mini nauyi, ba ni kuma da inda zan sauke ta sai wurin mai ita.

Muna nan lafiya, irin lafiyar da ake cewa. Har yanzu ina koyarwa a Safana. Inna tana ɗakin nan da muka kama mata a Batsari tun da muka baro ƙauyenmu Darini, gona kuwa ba mu koma ba, ko ciyawarta ba mu sake gani ba. Hatsi ya yi tsadar da in na faɗa maka za ka ce ƙari na yi. Shekara biyu ke nan da tafiyarka, kuma na gaji, Sagiru, irin gajiyar da barci ba ya yi mata magani.

Abu ɗaya ne ban ga ya ragu ba, shi ne sababbin waƙoƙi. Duk Juma'a sai an saki wasu. Ɗalibaina na babban aji suna ta gardama a kan wani sabon albam na rap da ya fito a Kano, wasu na cewa ya fi na bara, wasu na cewa mai shi ya ƙare. Ina jin su ta taga ina gyaran takardu, sai in tsinci kaina ina tunanin ɓangaren da za ka goya wa baya. Ni da ko sunan mawaƙi ɗaya ban riƙe ba sanda kake raye, yau ga ni ina kasa kunne.

Kai ka koya mini bambancin singul da albam, ba don na tambaya ba. Ka ce singul ɗanɗano ne irin wanda mai tsire ke miƙa wa mutum a bakin wuƙa, albam kuwa shi ne a zauna a ci a ƙoshi. Na ce maka wannan ilimi ba zai ci jarrabawa ba.

Ina tuna rumfarka ta bakin tasha, da teburin nan mai ƙafa ɗaya gajeriya da ka tokare da bulo, da kwamfutar da gilashinta ya tsage. Mutum ya kawo mimorin wayarsa ka tura masa abin da yake so, wannan ita ce sana'ar. Ka raba waƙoƙin gida-gida. Akwai na pop, waɗanda ka ce na masu ciwon soyayya ne, su suka fi tafiya. Akwai na rap, gambarar zamani, inda zuciyarka take. Sai kuma rok, kiɗan nan na turawa mai jita da ihu, wanda duk faɗin Batsari mutum biyu ke saurare, kai da Mamman mai injin niƙa. Shi dama kunnensa ya riga ya mutu, ban san uzurinka ba.

Na sha ce maka ka nemi sana'ar kirki. Ba ka taɓa yi mini musu ba, sai dai ka gyara hular nan taka hana-salla ka ce, "Yaya Malam, mutanen da aka hana gona, aka hana kasuwa, kar kuma a hana su kunne." A lokacin na ɗauka wayon baki ne irin naka.

Da aka rufe layin waya a yankinmu, na ce to, yanzu rumfa ta mutu. Ashe a lokacin ma ta rayu. Duk mako sai ka shiga mota zuwa Katsina, ka kwaso abin da ya fito ka dawo da shi. Mutane ba sa iya kiran 'yan uwansu, amma sun san sabuwar waƙar da aka saki shekaranjiya. Saboda in 'yan bindiga sun tare hanya waya suke fara karɓa, sai ka farke ɗinkin cikin hularka kana cusa mimori a ciki. Ka nuna mini kana dariya, ka ce ba wanda zai yi kwaɗayin wannan hular. A nan kam ka yi gaskiya.

A cikin wannan zirga-zirga ka fara ɗaukar naka waƙoƙin a wani situdiyo. Singul biyu ka fitar, da wani suna da ka laƙaba wa kanka wanda har yau ba na iya faɗinsa ban yi dariya ba. Ka ce albam na nan tafe, ka sa masa suna Daminar da Ba Mu Shuka Ba. Sau uku kana kawo mini abin sa wa a kunne kana cewa in saurara in gaya maka gaskiya. Sau uku ina cewa takardun yara sun yi mini yawa, sai an kwana biyu.

Ranar da ka je karɓo albam ɗin aka tare motarku da la'asar. Ba zan maimaita maka abin da ka fi ni sani ba. An kawo mana gawarka ba waya, ba takalmi ɗaya, amma wani bawan Allah ya tsinto hular ya ɗora maka a ƙirji.

Ranar addu'ar uku Kawu Haruna ya yi magana a zaure. Ya ce mawaƙi in ya rasu, duk wanda ya kunna waƙarsa ana rubuta wa mawaƙin, kamar yadda ake rubuta wa mai rijiya ladan duk wanda ya sha, sai dai wannan ba lada ba ne. Ya ce gatan da za a yi maka shi ne a roƙi jama'a su goge waƙoƙinka. Maganar ta shiga cikin gida ta iske Inna. Da yamma ta kira ni, idonta a bushe, ta ce, "Lawal, ka bi duk inda muryarshi take ka goge mani ita. Ban iya tsare shi a hanya ba, ka bari in tsare shi a kabari."

Na tambayi malamai, kar ka ce ban tambaya ba. Wani ya ce Kawu ya yi gaskiya. Wani ya ce sai an duba abin da ke cikin waƙar tukuna. Wani ya ce Allah Ya fi mu tausayinka, in je in huta. Na dawo da amsa uku, uwa kuwa guda ce, sai na bi tata.

Wata guda na yi ina yawo. Duk ranar da ba makaranta sai in hau babur in bi rumfunan masu turin waƙoƙi, daga Batsari zuwa Safana, ina sallama ina cewa ni yayan wane ne. Ba wanda ya ƙi. Wasu har sun riga ni, sun goge tun ranar da suka ji labari. A wannan yawon na gane abin da ban sani ba, ashe kai sananne ne. Mai shayin da ke ƙofar makarantarmu, wanda nake zama wurinsa kullum, waƙarka ce kiran wayarsa, ni kuwa shekara guda ina jin ta ban san muryar ƙanena ba ce. Na ji kunya ƙwarai.

A garin Zakka wani dattijo ya tare ni, ya ji abin da ya kawo ni. Ya ce jikarsa ce ta sa masa waƙarka ta biyu, wadda kake lissafa gonakin da aka bari, kuma duk sanda ya ji ta sai ya ga tasa gonar. Bai iya gogewa ba, sai ya miƙo mini wayar ya juya fuskarsa wajen katanga har na gama. Da na mayar masa ya ce Allah Ya jiƙan yaro, ya tafi bai jira amin ɗina ba.

Sai da muka zo raba tufafinka sadaka na ɗauki hular, yatsana ya ji abu mai tauri a cikin ɗinkin. Na san ko mene ne. Na sa shi a aljihu ban gaya wa kowa ba. Da Inna ta tambaye ni ko an gama, na ce mata an gama, ba abin da ya rage. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na yi mata tun da na yi hankali.

Na saurare shi a aji, bayan an tashi yara, na ja ƙofa. Tunda gaskiya ka nema, ga ta nan, ko da ta makara. Waƙa ta biyar, wadda ka cusa wa jitar rok, ba ta yi ba, kamar ana yanka langa-langa. Ta bakwai ta cika tsawo. Amma ta uku da ta huɗu, Sagiru, sai da na kifa kaina a kan benci. Yadda ka faɗi ranar da muka baro Darini, Inna ta ƙi barin turminta har sai da aka ɗaure shi a bayan babur, ni da nake wurin ban iya faɗinsa haka ba. Kana da baiwa, ni ne ban da kunne.

Abin da ka buɗe albam ɗin da shi kuwa ba waƙa ba ce. Ka ɗauki ƙarar dakan Inna a tsakar gida don ya zama kiɗan farko. Ana jin taɓarya na sauka, sai muryarka tana cewa, "Inna, don Allah ki ci gaba da dakan, kar ki yi magana, ana ɗauka." Sai ita kuma ta ce, "Ɗauki tsintsiya dai, ta fi maka amfani." Sai dariyarka. Duka-duka sakan arba'in ne, daga nan waƙa ta gaba ta shigo da kiɗanta.

Shekara biyu ina ɗauke da wannan abu a jakar takarduna. In na tuna maganar Kawu sai in ji kamar ni nake ɗora maka kaya. In na ɗauko shi zan goge sai in ji kamar zan sake binne ka, kuma wannan karon da hannuna ni kaɗai. Ban sake kunna shi ba, ban kuma iya rabuwa da shi ba. Ko salla nake sai abin ya faɗo mini.

Asabar ɗin da ta wuce na je Batsari da hantsi. Na iske Inna a inuwa tana tsintar wake, rediyon maƙwabta na ta kaɗa wata sabuwar waƙar pop da ake yayi. Mun gaisa, ta tambayi iyali da makaranta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Lawal, da gaske duka ka goge? Ko ɗaya ba ta tsira ba?"

Na ɗauka wani ya tona ni. Ashe ba haka ba ne. Ta ce fuskarka tana nan, ga hoto, amma kwana biyun nan in ta nemi yadda kake cewa Inna sai ta rasa. Ta ce takan ji muryata a maimakon taka, ko ta wani ɗan maƙwabta, taka ta ɓace mata. Ta ce ita ta sa a goge, ba ta da bakin kuka.

Na durƙusa na gaya mata gaskiya, na nemi gafarar ƙaryar da na yi. Ta ture farantin waken gefe. Na sa mimorin a wayata na kunna mata na farkon. Da ta ji taɓaryarta ta ɗaure fuska. Da ta ji ka ce Inna, sai ta dafa ƙasa da hannu biyu. Kiɗa na shigowa ta ɗaga mini hannu na tsayar, ta ce in mayar baya. Sau uku muna haka.

Sannan ta share ido da bakin zanenta ta ce, "Wannan ba waƙa ba ce, ɗa ne ke magana da uwarshi. Bar mani ita. Sauran kuwa, ka cika alkawari."

Na so in roƙe ta ta ji ta uku, wadda ke maganar turminta. Na buɗe baki, na dubi fuskarta, na fasa. Tsoron da take ji maka ya fi ƙarfin duk hujjar da zan kawo, kuma ita ta haife ka, ba ni ba. Na goge su a gabanta ɗaya bayan ɗaya, guda takwas. Wayar tana tambayata ko na tabbata, ina cewa eh, alhali ban tabbata ba.

To, ka ji abin da ya kawo wannan takarda. Albam ɗinka bai fito ba, ba kuma zai fito ba. Na bincika situdiyon, an ce mai shi ya sayar da kayan ya bar gari. Duk duniya mutum ɗaya ne ya ji shi daga farko har ƙarshe, shi ne yayan nan naka da ya ce takardu sun yi masa yawa. Na san cikin masu karanta wannan wasu za su ce na kyauta, wasu su ce na yi ɓarna. Ba ni da ƙarfin gardama da kowa. Kai kaɗai nake roƙo, ka yafe mini, ƙanena, na rashin sauraro da na gogewa duka.

Na tura wa Inna sakan arba'in ɗin a ƙaramar wayarta, na nuna mata inda za ta danna. Matar da suke gida ɗaya ta ce mini kullum bayan ta idar da walaha sai ta kunna. In ka ce kar ta yi magana ana ɗauka, ba ta jiran tsohuwar amsarta, sabuwa take ba ka. Jiya wai ce maka ta yi wake ya yi tsada, kuma Lawal ya rame.

Allah Ya gafarta maka, Sagiru, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi shahadarka. In akwai nauyi a abin da ka rera, Allah Ya sauke maka shi. In akwai alheri, Ya ninka maka, ko da ba mai ji. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya kawo mana ƙarshen wannan hali, Ya mayar da mu gonakinmu. Ya haɗa mu a inda zan zauna in saurare ka ba tare da na ce sai an kwana biyu ba.

Yayanka,
Lawal
Safana