Ƙulli Biyu a Bakin Likkafani

Unguwar Mansur, Makka

Zuwa ga jikata Ilham,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kun sauka Sirilanka lafiya, ke da Uzair ɗin da ya ƙwace min ke. Ni ke faɗa, uwarki Zubaidatu ke rubutawa, sannan ta ɗauki hoton takardar ta turo miki. Ta ce in yi magana a waya kawai, na ƙi. Maganar waya ba ta zama.

Ƙunshin da na sa miki a akwati na ce kada ki buɗe, likkafani ne. Kada ki firgita. Na Mustafa Sailani ne, mutumin Sirilanka, wanda muka yi aiki tare a shagon wanki a unguwar Nakkasa, shi wanki ni guga, tun uwarki ba ta yi haƙori ba. Alhazai kan kawo mana farin yadi mu jiƙa musu da zamzam mu shanya, su tafi da shi gida su ajiye wa ranarsu. Wata shekara mu ma muka yanko namu. Da kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama, ya rasu aka ba shi fita ba dawowa, ya tafi a gaggauce, nasa yana kan igiya. Na ce zan kai masa. Ba ni da adireshi, kuma ni ba mai barin Makka ba ne.

Kun ce za ku kallon ruwan da ke faɗowa daga kan duwatsu, wanda kuke ce wa shallal. To ƙauyensa a gindin ɗaya yake. Ya ce ruwan yana rabuwa biyu a kan wani baƙin dutse, gonakin shayi hagu da dama, jirgin ƙasa na wucewa ta sama. Ya ce ba ya yankewa rani da damina, ba mai kunnawa, ba mai kashewa. Wannan kam na ce masa ƙarya ne, har ya tafi muna musu.

Ya girme ni, Ilham. Ki hanzarta.

Kakanki, Maharazu

*

Nuwara Eliya

Ya jaddi,

Wa alaikumus salam. Mun sauka lafiya. Ka yi haƙuri da Hausata, ka san halinta.

Wallahi angona na tsoho, wa ke sa wa amarya likkafani a akwatin yawon aure? Uzair ya yi dariya har ya ƙware.

Mun je Ramboda, mun je Ravana, mun je wasu da ban riƙe sunansu ba. Ka tsaya nesa ma feshin ya jiƙa maka abaya, ba ka jin maganar na kusa da kai. Ko'ina kore, ga sanyi, ga birai masu ƙwace masara a hannun mutum. Amma jaddi, shallal a nan ba ɗaya ba ne, kowane lungu da nasa. Baƙin dutse kuwa, duk duwatsun baƙaƙe ne. Direbanmu ya ce Mustafa a ƙasar nan sun fi ganyen shayi yawa. Jiya matsattsaku ya kama Uzair a ƙafa, ya ce shi halas, shi ke nan, ya gama hawan dutse. Jirginmu ranar Asabar ne. In ban same shi ba in dawo da kayan?

Ina gaida Mama.

Ilham

*

Ilham,

Bayan sallama. Kada ki dawo min da shi.

Ki ce wa Uzair ya shafa sabulu a ƙafa kafin ya shiga ciyawa, haka Mustafa ya ce suna yi. Namiji guda, tsutsa ta kore shi!

Wuraren da kuka je na masu ɗaukar hoto ne. Mustafa bai taɓa ce min ana sayen tikiti a nasu ba. Na zauna na tuno abin da yakan faɗa in ruwa ya yanke mana a Nakkasa muna jiran tanka. Yakan ce masallacinsu ba shi da famfo. Gora suka tsaga suka jera tun daga dutsen, ruwan na bi yana zuba a kwamin alwala, ya cika ya wuce. Yakan ce sanyinsa na sa haƙori ciwo da asuba. Ki daina tambayar direba. Ku shiga masallatai ku tambayi tsofaffi, wane ne ya yi wanki a Makka.

Uwarki ta ce ina ɓata miki amarci. Na ce ta rubuta hakan ma, ta rubuta.

Allah Ya tsare.

Maharazu

*

Kusa da Badulla

Ya jaddi,

Salam. Mun same shi. Yana da rai.

Wani liman ne ya ce, "Mai wankin Makka? Ku bi layin dogo ku gangara." Goran nan sun zama bututun roba yanzu, amma kwamin na nan yana ambaliya. Ruwan ya rabu biyu a kan dutsen kamar yadda ka ce. Na turo hoto.

Ba ya gani sosai, ba ya iya tashi sai an kama shi. Da na ce ni jikar Maharazu ce, sai ya ce da Larabcin Makka, "Baƙin mai gardama bai mutu ba?" Ya sa aka kawo mana shayi. Ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana ƙona wuyan riguna.

Na ɗora masa ƙunshin a cinya, ya shinshina. Sai ya bi bakin yadin da yatsa har ya kai kusurwa. Ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. A shago alamata ƙullin zare ɗaya, ta Maharazu biyu. Nan biyu ne." Ya mayar min. Ya ce ba zai shiga kabari da kayan wani ya bar mai shi tsirara ba.

Jaddi, naka ne ka ba ni? Ina nasa? Gobe za mu koma mu yi sallama. Me zan ce masa?

Ilham

*

Ilham,

Bayan sallama. Nawa ne. Nasa yana cikin akwatin ƙarfe ranar da aka rushe layinmu a Nakkasa ina asibiti, yana can ƙarƙashin ƙasa. Uwarki ta ajiye biro tana kuka, na jira ta.

Ki ce masa ni zamzam na bakin ƙofata, yadi kuma bai ƙare a Mansur ba. Shi ne ya yi nisa. Ki ba shi kusurwar ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa, ya bar ɗaya. In ya ƙi, ki ajiye masa a cinya ki fita, ai kin ce ba ya iya tashi.

Wuyan riga kuwa sau ɗaya ne, kuma shi ya cika sitaci.

Na ga hoton. Ruwa ne, ban musa ba. Amma hoto bai nuna ba ya yankewa ba. Ki gaya masa haka, sannan ki tsaya ki ji abin da zai ce, ki kawo min shi yadda ya faɗa.

Wassalam.

Kakanki, Maharazu