Ganyen Kwakwa a Kan Sanda

Zuwa ga Baban Ilham,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya dako a tashar jiragen ruwa ta Ambon? Ya ciwon bayan nan naka? Mu ƙalau muke, hankali ne kawai ba a kwance ba.

Kifin lompa ya iso, tun lokacinsa bai yi ba! Ruwa ya yi ɗumi kamar na wankan jego, dattawa sun ce shi ya ruɗa shi. Ga shi nan baƙi ƙirin a bakin gaɓa, amma sasi, dokar nan ta hana kamu, na kai. Ganyen kwakwar da Baba ya ɗaure a kan sanda yana nan, ba mai jefa taru sai ya kwance shi. Ka san surukinka da taurin kai, ga shi tsaron tekun a hannunsa yake. Ya ce kifin na ɗauke da ƙwai, watan buɗewa kuma bai kama ba. Maƙwabciyarmu Inna Saleha ta tsaya a ƙofarmu tana cewa, "Malam Husen, kifi ya san wata ne? Ko da ganyen za mu ci tuwon sago?"

Na kasa zaune na kasa tsaye. Ka yi alkawari in kifi ya dawo bana, kai ma za ka dawo gida gaba ɗaya. To ya dawo, ina kallonsa, ba halin taɓawa.

Taka,
Nurbaya

Baban Ilham,

Ina gaisuwa, Allah ya sa ka tashi lafiya.

Jiya aka buɗe tekun. An buga ganga, Baba ya yi addu'a ya kwance ganyen, gari kaf ya faɗa ruwa. Ashe kifin ya daɗe da bin ruwan sanyi can nesa, inda manyan jirage ke kwasarsa. Abin da tarunka ya kamo bai rufe gindin kwando ba. Ba wanda ya ce wa Baba uffan, har Inna Saleha. Wallahi da zaginsa suka yi ya fi mini sauƙi. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya hana ni magana.

Yau da safe ya saƙa sabon ganye, wai in ƙwan ya ƙyanƙyashe ya tarar da mai gadi.

Kada ka ajiye aikinka. Na wanke tarun na rataye. Ka nemo mana ɗaki kusa da tashar, ko ƙarami ne. Ban gaya wa Baba ba tukuna. Ni na riƙe masa sandar yana ɗaurewa.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Nurbaya